Abin da Salmanu Ya Gani

Vaulx-en-Velin, 8 ga Afrilu

Taubashina Nouhou, ɗan namiji,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar hanya? Ya Raliatou da yara, ya aikin koyarwa a lakwal? Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafafu. Tun Asabar nake hawa benenmu ina dafa bango. Asma tana gaishe ku.

Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Kun kama hanyar Paris ban gan ka ba, don ni na bi motar asibiti da Karim, ɗan kulob ɗinmu. Muƙamuƙinsa ya karye wuri biyu. An yi masa aiki, an ɗaure masa haƙora da waya, ba abin da ke shiga cikinsa sai na zuƙa. Likita ya ce kada ya sa ran komawa tuƙin tram, jirgin cikin gari, nan kusa, ga matarsa da ɗanyen goyo. Ba don in ɗora maka nauyi nake gaya maka ba. Na san halinka, ba za ka tambayi kowa ba, za ka zauna kana saƙawa kana kwancewa.

Inna ta kira daga Damagaram, na ce mata kulob ɗinmu na Lyon ya kara da naku a zagayen farko na gasar bana. Ta sake tambayata wane irin ƙwallo ne ake kamawa da hannu kuma a buga da ƙafa. Na sake yi mata bayani: gayelik sunansa, wasan mutanen Irlanda ne da muka koya muna ɗalibai a Rennes, in ta wuce saman sanda maki ɗaya, in ta shiga raga uku, kuma an yarda a yi karo kafaɗa da kafaɗa. Ta ce maza da furfura a gemu ba su da aikin yi. Ban gaya mata sauran ba.

Kwamitin ladabtarwa na gasar sun aiko mini. Alƙalin wasa ya ba ka jan kati, amma ya rubuta cewa faɗuwar Karim kawai ya gani, bai ga karon ba. Ni ne mafi kusa da ku, saboda haka suna son shaidata a rubuce kafin tsakiyar Mayu. To ɗan namiji, yau ka shigo hannu. Tun muna yara kake cin zalina, ga ranar da bakina zai yi aiki. Ka fara neman goron toshe shi.

Ka ɗauki waya, don Allah.

Ɗan mace, Salmanu


Stains, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Malam Salmanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaida Asma. Allah ya ba Karim sauƙi, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Na tashi sama ne in kamo ƙwallo, shi kuma ya shigo ta ƙarƙashina. Kafaɗata ce ta same shi. Hannuna bai tashi ba. Shekara goma sha biyar ina wannan wasa, ko katin gargaɗi sai in daɗe ban gani ba, kai ma ka sani.

Ga abin da ba ka sani ba. Nassim, kaftin ɗinmu, ya ji daga bakin mutanenku cewa dangin Karim na maganar kai ƙara komisariya, wurin 'yan sanda. Dosiyena, takardun neman zama ɗan ƙasa, yana ofishin hukuma na prefektir, ina jiran kira a cikin bazarar nan. In aka rubuta sunana a kan cewa na ji wa mutum rauni da gangan, wannan ya tafi. Kuma ka gaya mini wace lakwal za ta bar malamin lissafi mai irin wannan tabo ya tsaya gaban yara. Raliatou ta rame. Jiya ta zuba gishiri a shayi, ba wanda ya yi dariya.

A cikin wannan hali na buɗe wasiƙarka na tarar na shigo hannu. In wasa ne, ba ka iya zaɓen lokaci ba. In kuma ba wasa ba ne, gara ka fito fili ka gaya mini abin da ke ranka tun muna yara, in sani.

An dakatar da ni har kwamiti ya zauna. Yau mutanenmu suna Nantes a zagaye na biyu, su goma sha ɗaya cif, ba ko ɗaya a benci. Ni ina gida ina gyaran takardun ɗalibai. Dama na ce bana ce ta ƙarshe saboda gwiwa, ban zaci haka za ta ƙare ba.

Nouhou


Vaulx-en-Velin, 22 ga Afrilu

Nouhou,

Gaisuwa mai yawa. Ka gaida Raliatou, ka ce mata ta ci abinci. Asma mura ta kama ta amma da sauƙi.

Haba Nouhou. Malam Salmanu? Ni? Wasa nake yi, irin wanda muka tashi muna yi a zauren Kawu. Da a baki na faɗa da ka ji dariyar a ciki, takarda kuwa ba ta ɗaukar dariya. Ban san dosiyenka ya kai nan ba. Ka yi haƙuri, na yi wauta.

Batun ƙara, surukin Karim ne ke hura wutar, yayan matarsa. Karim kansa bai ce komai ba, dama ba ya iya magana sosai. A waya yake rubuta abin da yake so ya miƙo maka. Ina leƙa shi in na taso aiki, gidansa ba nisa da namu, Asma tana dama masa kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Bai tuna komai na ranar ba. Ya ce abu na ƙarshe da ya sani shi ne yana ɗaure igiyar takalmi. Shekaranjiya ya rubuta mini cewa yana son ganinka.

Mun je Nantes mu ma. Na ga mutanenku, Nassim ya gaishe ni daga nesa kamar mai tsoron a gan shi. Mun ci wasa ɗaya, aka cinye mu uku, a cikin ruwan sama. Muka dawo mu biyar a mota ɗaya, warin rigunanmu ya ishe mu. Litinin na je aiki ina ɗingishi, shugabana ya tambaye ni ko biyanmu ake yi. Na ce a'a, mu ke biyan kuɗin mai.

Batun abin da zan rubuta wa kwamiti, na fi so mu yi shi baki da baki. Ka zo, ko in hau jirgi in zo.

Salmanu


Stains, 6 ga Mayu

Salmanu,

Ina fata Asma ta warke. Yara lafiya, ƙaramar ce kawai haƙori ke damu. Na ji ka kan batun wasa, ya wuce.

Ban amsa da wuri ba don na tsaya neman shawara. Wani abokin aikina da ya ɗan san shari'a ya ce kada in kuskura in je wurin Karim, kada in rubuta masa, kada in ba shi haƙuri, domin duk za a iya ɗauka a ce na amsa laifi. Mutumin da surukinsa ke shirin kai ni komisariya yana son ganina, me zai yi da ni? Su zauna su uku, waya tana ɗaukar murya a ƙarƙashin tebur? Ba zan zo ba.

Kuma na lura da abu ɗaya. Ka rubuta mini kunun gyaɗa, ka rubuta mini ruwan Nantes, amma ba ka rubuta cewa hannuna bai tashi ba. Layi ɗaya ne. Da ka yarda da shi, da ba ka ce sai baki da baki ba.

To ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai mai nauyi ba. Ka rubuta musu cewa ba ka gani da kyau ba. Abu ne na ƙiftawar ido, ga rana, ga mutane sun taru wuri ɗaya, wa zai ce ka yi ƙarya? Alƙalin wasa ma da aka sa don ya gani bai gani ba. In ba shaida, magana ta mutu, surukin ma ba shi da abin riƙewa. Karim zai warke ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Ni kuwa in na faɗi, da mutum huɗu zan faɗi.

A gidanmu ka yi lakwal, tabarma ɗaya muka kwana. Ban so in kai ga faɗin haka ba, amma na faɗa.

Nouhou


Vaulx-en-Velin, 11 ga Mayu

Ɗan'uwana Nouhou,

Muna lafiya, Asma ta warke. Allah ya sa haƙorin ya fito da sauƙi.

Na aika musu jiya. Ba na so ka ji daga bakin wani, ga abin da na rubuta. Na ce tun da ƙwallo ta tashi idonka na kanta, ba ka ko waiga ba. Na ce a ganina ba ka san Karim yana wurin ba. Na ce na san ka tun haihuwa, kuma ɗan kawuna ne kai, su auna maganata da wannan. Sannan na ce da ka tashi sama gwiwar hannunka ta hagu ta buɗe, ita ta same shi a muƙamuƙi, ba kafaɗa ba.

Na gani, Nouhou. Ina kusa da ku har na ji ƙarar. Na kwana biyu ina neman yadda zan ce ban gani ba, na zauna na fara rubutawa ma. Abin da ya hana ni shi ne wannan: tun a asibiti, ranar da Karim ya farfaɗo, ya miƙo mini waya ya rubuta, me ya same ni? Na gaya masa daidai yadda na gaya wa kwamiti, tun kafin in san akwai dosiye ko komisariya. Mutumin da bai tuna komai ba, abin da na ba shi kaɗai yake da shi. Ba zan iya shiga ɗakinsa da kwanon kunu ba alhali na rubuta wani labari dabam a bayansa.

Ban manta tabarmar ba. In surukin ya kai ƙara, ni zan fara zuwa in rantse cewa ba da gangan ba ne, ko sau nawa aka kira ni.

Na san za ka yi fushi. Ka yi, amma ka amsa.

Salmanu


Vaulx-en-Velin, 9 ga Yuni

Nouhou,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi layya lafiya. Mu mun yi, sai dai gidan shiru, yara suna ta tambayar yaushe 'yan Paris za su iso. Na ce musu bana aiki ya riƙe ku. Na sayo kayan yaji a unguwar Guillotière kamar kullum, Asma ta soya rabonku, yana cikin sanyin firigo.

Wata guda ke nan ba ka ce komai ba. Na ga hukuncin kamar yadda ka gani: sakaci mai haɗari, ba niyya ba, an dakatar da kai zuwa ƙarshen gasar bana. Na ɗauka kalmar ba niyya ba za ta ɗan sanyaya maka rai.

Magana ta kai gida. Ranar Sallah na kira Kawu in gaishe shi, bai bari na gama gaisuwa ba. Ya ce, Salmanu, ashe kai ne ka tsaya gaban baƙi ka ba da shaida a kan ɗan'uwanka saboda ƙwallo? Inna kuma kuka ta yi, ta ce na sa ta jin kunyar shiga gidan yayanta. A nan kuwa, rabin 'yan kulob ɗinmu cewa suke na rufa maka asiri da na ce ba ka san yana wurin ba. Ɗaya ya daina ba ni ƙwallo a fili ko da ni kaɗai ne a gaban raga. A zagaye na uku a Toulouse haka muka buga, kowa da nasa, aka yi mana kaca-kaca.

Na gaji, Nouhou. Na gaji da tashi da asuba in tuƙa mota rabin ƙasar nan don in buga wasan da ko maƙwabcina bai san sunansa ba. Asabar mai zuwa ne zagayen ƙarshe, a wajenku za a yi. Zan zo in buga don kada su rasa cikon mutum, daga nan na ajiye.

An cire wa Karim wayar baki. Yana cin abu mai laushi. Bai sake tambayarka ba.

Salmanu


Stains, 18 ga Yuni

Salmanu, ɗan mace,

Barkanmu da Sallah, ko da ta wuce. Muna lafiya, haƙori ya fito. Ka gaida Asma, ka ce mata kada ta ba kowa namana.

Na zo ranar Asabar. Ina bayan shinge wajen da ake ajiye motoci, na gan ka, kai ba ka gan ni ba. Ka yi nauyi, wallahi, wannan yaron na Bretagne ya wuce ka kamar kana jiran bas. Mutanenmu na biyar, ku na shida, kofi ya koma Bretagne inda ya saba kwana. Na so in ƙaraso da aka tashi, sai na juya na koma gida.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Jiya aka yi atisayen rufe shekara a filin da ke bayan unguwarmu, na je don gasa ta ƙare. Akwai wani sabon zuwa, ma'aikacin asibiti, Nassim yana nuna masa yadda ake tsayuwa in an bugo ƙwallo sama. Ina ɗaure takalmi a bayansu na ji yana ce masa, in ka ga Nouhou ya tashi, kada ka bi ta hagunsa. Haka kawai ya faɗa, kamar mai cewa a kula da rami a hanya.

Na ce, Nassim, me ka ce? Ya rikice. Na matsa masa. Sai ya ɗaga leɓensa na sama ya nuna mini tabo a ciki. Ya ce, wannan naka ne, bara waccan. Ya ce tun da kafaɗarka ta goce kake buɗe hannun nan in ka tashi, kana kare ta, kowa a kulob ya sani, mun saba kaucewa ne kawai. Na ce me ya hana ku gaya mini? Ya ce, kai ne babba a cikinmu, kuma in ka yi fushi ka tafi ba mu cika goma sha ɗaya ba.

Na dawo gida na miƙa wa Raliatou matashin kai na ce ta jefa sama. Ta ɗauka na zautu. Ta jefa, na yi tsalle na kama, tana dariya. Na ce ta sake, ta dubi hannuna na hagu. Ta sake jefawa. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Ban san abin da zan ce maka ba, don haka ba zan ce komai ba tukuna. Na kira Baba na ce ya bar maganarka, zan yi masa bayani. Asabar zan shigo jirgin safe. Ka tarye ni a tashar Part-Dieu ka nuna mini ƙofar Karim. Kada ka hau tare da ni.

Nouhou


Cikin jirgi, 21 ga Yuni

Salmanu,

Ina fata ka isa wurin aiki a kan lokaci. Ka yi wa Asma godiya, naman yana kan cinyata, duk wanda ke kusa da ni ya san da shi. Ka ce in ba ka labari, ga shi tun ban manta ba.

Matarsa ce ta buɗe. Na faɗi sunana, ta dube ni ta koma ciki da jaririnta, ban sake ganinta ba. Karim ya fito da kansa. Ban gane shi ba da farko, ya zube, fuskarsa ta ɗan karkace gefe ɗaya. Ya kawo shayi, ya ajiye mini biskit, shi bai taɓa ba.

Na gaya masa duka, har tabon Nassim. Na ce gwiwar hannuna ce, Salmanu ya faɗi gaskiya, ni ne ban sani ba, kuma rashin sanin bai gyara masa baki ba. Na ce in yana son kai ƙara ba zan musa ba. Na faɗi haka ban ma shawarci Raliatou ba.

A hankali yake magana, kamar mai tauna kowace kalma. Ya ce ba zai kai ƙara ba, amma kada in ɗauka kirki ne, gajiya ce. Ya gaji da likitoci da takardu da surukinsa. Ya ce haƙoransa ba su haɗuwa daidai, wataƙila sai an sake aiki. Ya koma tuƙi satin jiya. Ƙwallo kuwa ya gama da ita, matarsa ta zubar da takalman. Na tambaye shi me ya sa ya nemi ganina tun a Afrilu. Ya ce yana so ne ya ga fuskar, domin duk dare ƙoƙari yake ya tuna, ba ya ganin kowa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, na ga bai kamata in zo karɓar wani abu kuma daga hannunsa ba.

Prefektir har yanzu shiru. Ko me suka yanke, yanzu dai na san abin da zan ce in an tambaye ni.

Ya rako ni har bakin bene. Na fara sauka sai ya kira ni. Ya ce akwai abin da ya manta bai tambaye ka ba, kuma kowa ya tambaya sai ya ce bai lura ba. Ya ce, ƙwallon fa, ka kama ta?

Na ce a'a. Ta zame mini ta fita waje.

Sai ya fara dariya, ya dafe muƙamuƙi da hannu biyu yana cewa in tafi, in tafi, ciwo yake ji. Ina jin shi har na kai ƙasa.

Mun kusa shiga Paris. Gobe bayan azahar zan kira ka, ka ɗauka.

Ɗan namiji, Nouhou